Ni da Fiyanon Kawu a Tsakiyar Marka

A gidanmu ni ake kira idan abu ya lalace. Ba don an taɓa ganin na gyara wani abu ya gyaru ba, sai don ni kaɗai ke da akwatin kayan aiki, kuma Allah ya ba ni irin fuskar nan ta mutumin da ya san abin da yake yi. Na taɓa kwance fankar falo na mayar da ita, ta ci gaba da juyawa, ko da yake tun daga ranar bango take yi wa fifita, mu kuma mu yi ta zufa a gabanta. A kan wannan nasara na gina sunana, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin rushe shi sai da fiyanon Kawu ya shigo gidan.

Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne, Allah ya jiƙansa. Tsohon hedimasta ne, ya kuma daɗe yana koyar da mawaƙan majami'a a Wusasa, inda mishan ta koma da zama bayan ta tashi daga cikin birnin Zazzau wajen 1929. Fiyanon ya saye shi ne daga hannun wata Baturiya da za ta koma ƙasarsu bayan an sami 'yancin kai a 1960. Da ya rasu, ranar rabon kaya kowa ya miƙa hannu ga gona da keke da rediyo. Da aka zo kan fiyano sai ɗakin ya yi tsit, domin abu ne da ya haura kilo 200, ba a cinsa, ba a hawansa. Ni da nake ɗan boko a dangi na gyara murya na ce ai irin wannan kaya sai wanda ya san darajarsa. Nan take aka sallama mini, da saurin da ya kamata ya sa ni zargi. Ƙartin da suka ɗauko shi har yau ba sa amsa gaisuwata da daɗin rai.

Ga wanda kibod ɗin majami'a ko na gidan biki kaɗai ya sani, wannan wani abu ne daban. Ba a jona shi da wuta. Akwati ne na katako a tsaye, mai maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Abin da yatsa ke taɓawa ɗan gaban maɓallin ne kawai. Sauransa doguwar sanda ce da ta shige ciki. Ka danna gaba, baya ya ɗaga, ya tunkuɗa wasu 'yan sassa, su kuma su wurga wata 'yar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya ta dawo. Tsirkiyoyin sun haura 200, an ɗaure su tamau a jikin ƙarfen zubi, jan da suke yi gaba ɗaya ya kusa tan 20. Wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago wannan dabara wajen shekarar 1700. Mutum ne mai basira ƙwarai, sai dai bai taɓa kwana a Zariya cikin watan Agusta ba. Da ya kwana, da bai haɗa abinsa da katako da ulu da fata da gam ba, abubuwa huɗu da babu wanda ba ya shan ruwa a cikinsu.

Duk wannan bayanin daga baya na san shi. A lokacin abin da na sani kawai shi ne ina da fiyano a falo, baƙi suna shigowa suna kallona da sabon ido, autarmu kuma ta fara koyo a wurin mai kiɗan majami'a tana dawowa gida ta maimaita.

Sai marka ta sauka. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, ƙyauren ɗakin girki ya kumbura har sai an sa kafaɗa yake rufuwa. Da ina da hankali, da ƙyauren nan ya ishe ni darasi, don ciwonsu ɗaya da fiyanon. Wata yamma na ji auta ta kwaɗa kira: “Baba, do ta tsakiya ta shiga ta ƙi fitowa!” Na je na tarar da maɓallin a nutse, maƙwabcinsa kuma yana tasowa a hankali, ba da son ransa ba. Kowa ya kawo nasa fassarar. Gwaggo, da ta zo mana kwana biyu, ta ce marigayi ne ba ya son waƙoƙin zamanin da yarinyar ke kaɗawa a kan kayansa. Wani maƙwabci ya ce kyankyaso ne ya mutu a ciki. Uwargida, ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba, ta ce: “Maigida, a bar shi rana ta fito mana.” Na dube ta da tausayin da masana ke yi wa jahilai, na ce a miƙo mini wuƙar tebur.

Da wuƙar na ɗago maɓallin. Ya taso, amma ya taso ba tare da leɓensa ba, domin wani ɗan farin abu ya ɓalle ya faɗa ƙasa. Hauren giwa ne aka shimfiɗa wa fararen maɓallan tsofaffin fiyano, baƙaƙen kuma baƙin ice ne ɗan'uwan kanya. Tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, wato abin da na ɓalle ba a shiga kanti a ce a ba ni irinsa. Na sa ƙafa na taka ɓallin, na ce wa auta ai dama ya tsufa.

Daga nan na koma ga maganin da muka fi yarda da shi a ƙasar nan. Keke ya yi ƙara, mai. Kwaɗo ya ƙi buɗuwa, mai. Ƙafar yaro ta yi faso, mai. Na ɗauko man keken ɗinkin uwargida, mai dogon bakin nan, na ɗiɗɗiga tsakanin maɓallan. Tun da hannu ya riga ya ɓaci, na ce bari in yi wa na kusa da su rigakafi, na bi layi ina ɗigawa hagu da dama. Kuma wallahi a daren abin ya yi aiki. Auta ta kaɗa waƙa guda har ƙarshe, ni kuwa na zauna na harɗe ƙafa, ina jiran uwargida ta ba ni haƙuri. Da gari ya waye, marasa lafiyar suka koma yadda suke, waɗanda na yi wa rigakafi kuma suka kwanta tare da su.

A nan ne ilimin kimiyyar da na baro a sakandare ya motsa. Na ce danshi ne, kuma a wannan ban yi ƙarya ba. Na ce maganin danshi wuta, nan kuma na kama hanyar daji. Na hura gawayi a kasko, na tura shi ƙarƙashin maɓallan inda ƙafar mai kiɗa ke zama, na lulluɓe fiyanon da bargo don kada zafin ya tsere. Ban daɗe da zama ba wani wari ya cika falon, irin na ƙofar majema. Ashe gam ɗin da ya riƙe tsohon fiyano daga fata da ƙashin dabba ake dafa shi, kuma babu abin da ke sassauta shi kamar zafi haɗe da danshi, abubuwa biyun da na tara masa a ƙarƙashin bargo guda. Da na yaye bargon, haure ya ɗaɗɗago a wurare da dama, wani ya lanƙwashe, wani ka taɓa shi ya biyo yatsanka. Sautin ma ya karkace, waƙar da kowa ya sani ta koma wadda ba a taɓa ji ba. Uwargida ta leƙo, ta ce: “Sannu da gyaran gangar Auzinawa.” Gwaggo kuwa ta ce ga shi nan, ai ta faɗa, marigayi ya fusata.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni a nan na naɗe hannun riga.

Abin da ya cuce ni shi ne sauƙin buɗewar fiyano. Ka ɗaga murfin sama, ka zare 'yan sakata biyu, allon gaba ya fito. Murfin maɓallai ya biyo baya. Ka kwance wata siririyar sanda da ta gitta a kansu, shi ke nan, kowane maɓalli ana ɗaga shi a zare da yatsu biyu. Wanda ya tsara shi haka don masu gyara ya yi, bai san akwai irina ba. Na zare na farko, na ga babu wanda ya mutu, na zare na biyu. Kafin in farga duk suna kan tabarma.

Ƙarƙashinsu kuwa tarihi ne kwance. Na tsinci kwabo mai huji na zamanin Turawa, da sisi, da guntayen fensir, da fil na ɗankwali, da ɓawon gyaɗar da ba a san shekarunsa ba, da sheƙar ɓera da aka yi wa shimfiɗa da jan ulu mai kyau, wanda daga baya na gane daga jikin fiyanon aka yago shi. Sai kuma wasu 'yan takardu zagayayyu masu huji a tsakiya, launi-launi, a soke a jikin kowace ƙusa, wata ɗaya, wata uku, wata tuli. Na ce kai, dubi irin sharar da ake tarawa. Na zare su tas, na haɗa da ƙura da kashin ɓera na share, na kai bola da kaina, ina jin daɗin tsabtata.

Sannan na zauna da samfefa. Duk maɓallin da na ga alamar ya yi ƙiba, na goge masa haƙarƙari. A ƙasan kowanne akwai ramuka biyu. Na ga sun matse, na sami ƙusa 'yar inci huɗu na faɗaɗa su, har da juyawa don aiki ya yi kyau. Ana cikin haka aka yi sallama da ni a waje. Ko da na dawo, yaran maƙwabta sun shigo sun gina gada da titin jirgi da maɓallan Kawu, har sun raba gari biyu suna faɗa a kan iyaka.

Ban damu ba, don a ganina maɓalli maɓalli ne. Ashe babu biyu da suke ɗaya. Gabansu ne ya yi kama. Bayansu kowanne da irin karkatarsa, wani hagu, wani dama, gwargwadon inda gudumarsa take. Na sa wannan ya hau kan wancan, na sa wancan ya ƙi shiga. Akwai lambobi da aka buga a jikin katakon kowanne, na gan su sarai, amma na ɗauka lambar kamfani ce, har ina mamakin yadda Turawa ke son rubutu. Da ƙyar na cusa abin da ya cusu. Sakamakon: wani maɓalli ya ɗaga kai sama, wani ya nutse, wani ka danna shi maƙwabcinsa ya amsa, wasu kuma suka yi saura a kan tabarma ba su da masauki. Na rufe da bargon nan na ce wa mutanen gida aikin yana buƙatar ya huce.

Mai kiɗan majami'a ne ya cece ni, bayan auta ta kai masa rahoto ba tare da izinina ba. Ya ba da lambar wani dattijo a Jos, wanda ya koyi aikin tun yana saurayi a hannun Turawan mishan, yake zagaya majami'u da makarantun Jos da Kaduna da Zariya. Ya iso da 'yar jakar fata da ba ta kai rabin akwatin kayan aikina ba. Ya yaye bargon. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa yatsa a tsakanin maɓallai ya sansana, ya duba ƙasa ya ga tabon kasko.

“Malam, wa ya yi wannan aikin?”

“Yara ne, Baba,” na ce. “Ka san yaran yanzu.”

Auta ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce: “Lalle. Yaran nan har da mai furfura a gemu.” Ya nemi kujera 'yar tsugune, ya ce in zauna kusa da shi in riƙe masa fitila, tun da dai na nuna ina da sha'awa.

Ya fara da jera maɓallan bisa lambobinsu, daga 1 a hagu har 88 a dama, abin da ɗan firamare zai iya. Ya ɗauko na 40, wato do ta tsakiya, wadda ta jawo duk wannan fitina, ya juya goshinta wajen haske ya nuna mini wani ɗan karce a tsaye. Sannan ya ɗora ido a kan dogon katakon nan da ke gaban fararen maɓallai, wanda cikin mai kiɗa ke fuskanta, ya ce in duba da kyau. Katakon ya ɗan lanƙwasa ciki a tsakiya, kaɗan ƙwarai. Danshi ya sa ya yi ciki, yana gugar goshin maɓallan da ke tsakiya, ya riƙe su in an danna. Baba ya sassauta sukurorin da ke ƙasa, ya ce a ba shi kwalin ashana. Ya yage shi, ya cusa guntu a bayan katakon, ya ɗaure. Ya danna maɓallin, ya tashi tsam.

“Ciwonta ke nan tun farko,” in ji shi.

Na tambaya, a hankali, ko ban da wannan akwai wani abu babba da ya ɓuya. Ya ce babu. Kwalin ashana ne. Uwargida, da ke kawo masa ruwa, ta yi wani tari da na san ba na mura ba ne.

Sauran aikin duk nawa ne yake kwancewa, amma a cikinsa na ga yadda mai sana'a ke tunani, kuma abin ya burge ni duk da kunyar da nake ciki. Shi ba ya taɓa komai sai ya gano inda cikas ɗin yake. Yakan sa yatsa ya ɗage sassan da ke zaune a bayan maɓalli, ya motsa maɓallin shi kaɗai. In ya ji tauri, laifin na maɓalli ne. In maɓalli na wasa sakayau amma guduma na dawowa da kasala, laifin na sama ne. Yakan kuma taka fedar dama yana gwadawa, domin in an taka ta, sifirin da ke taimaka wa maɓalli ya taso sun janye hannu, mai lalaci ya fito fili. Kafin duk wannan kuwa yakan leƙa ko wani abu ne ya faɗa, don ya ce ba ya iya ƙirga tafiyar da ya yi zuwa wani gari saboda fensir ɗaya ko kwabo ɗaya da ya maƙale tsakanin maɓallai biyu.

Ramukan da na faɗaɗa da ƙusa su ne zuciyar maganar. Kowane maɓalli a kan ƙusa biyu yake zaune: ɗaya a tsakiya, zagayayya, wadda yake lilo a kanta, ɗaya a gaba, mai ɗan faɗi, wadda ke hana shi kaɗawa gefe. An liƙa wa bakin ramukan ɗan jan ƙyallen ulu, kuma sararin da ke tsakanin ulun da ƙusar bai wuce kaurin takarda ba. Da damina katako da ulu su sha danshi su kumbura, wannan ɗan sarari ya toshe, maɓalli ya kama ƙusa ya riƙe. Maganinsa wata filaya ce ta musamman mai faffaɗan baki, da ake sa wa a ɗan matsa katakon da ke bayan ulun, kaɗan, a gwada, in bai isa ba a ƙara. Matsawa ake yi, ba a yanka, ba a kankara. In ƙusar ce ta yi tsatsa, a goge ta da ƙyalle har ta yi sheƙi. Mai kuwa, in ji Baba, ulu ke shanye shi ya yi danƙo, ƙura ta zo ta zauna a kai, daga nan babu sauran magani sai a ɓanɓare ulun a liƙa sabo. Haka ya yi ta yi wa duk waɗanda na yi wa rigakafi, ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana ɗan waƙarsa ta cikin hanci.

Samfefa tana da ranarta, amma ba yadda na yi ba. In maɓalli ya karkace yana gugar ɗan'uwansa, za a ga wurin ya yi sheƙi. Nan kaɗai ake gogewa, shi ma shafa biyu. Ya kuma nuna mini wasu dunƙulallun dalma da aka dasa a gefen wasu maɓallai don daidaita nauyi. In sun tsufa a wuri mai danshi sukan yi fari su kumburo waje, su kama maƙwabci. Ana rage su ne a hankali a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ba a busa garin, a wanke hannu bayan an gama. A nan bai yi wasa ba, ni ma ban yi ba. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani.

Can sama kuma, kowace guduma tana juyawa ne a kan wani ɗan fil da bai fi allura kauri sosai ba, shi ma cikin ulu yake. Baba ya kwance guda, ya riƙe gindinta ya sake ta tana lilo yana ƙirgawa. Lafiyayya takan je ta dawo kamar sau biyar zuwa bakwai kafin ta tsaya. Wadda ta yi ɗaya ta daskare, gaɓarta ta kumbura. Irin wannan yakan ɗiga mata sifirit gauraye da ɗan ruwa, ulun ya jiƙe, in ya bushe ya tsuke ya saki fil ɗin. In ta ƙi, ya sauya fil. Ya maye igiyoyin da ɓera ya cinye, da kuma wani sifirin da ya karye. Ya dube ni ya ce wannan sashen, ko a mafarki na ga kaina a ciki, in farka.

Sai ya tambayi takardun. Na ce waɗanne? Ya ce 'yan zagayayyun nan masu launi. Na ce ai na share masa wurin ne don ya ji daɗin aiki. Ya cire tabarau ya goge ido. Ashe kowane launi da kaurinsa, wata ba ta kai siririn gashi biyu ba, kuma da su ake daidaita tsayin kowane maɓalli da zurfin nutsewarsa. Wani bawan Allah a masana'anta ya zauna ya jera su ɗaya-ɗaya tun kafin a haife ni, ni kuma na kai su bola da tsintsiya ɗaya. Baba ya fito da ambulan cike da irinsu, ya ɗora doguwar rula a kan maɓallan, ya shiga sa wa da cirewa. Wannan aikin shi ya fi cin lokaci, shi ya fi cin kuɗi. Abin da na biya ba zan faɗa ba, don uwargida tana karanta mujalla. Ta dai san a shekarar ba a sake labulen falo ba.

Da zai tafi ya ce ba zai ɗaure tsirkiyoyi yanzu ba sai iska ta juya. Ya ƙara da cewa: “Abin da ka kankare da damina, da hunturu za ka neme shi.” Haka kuwa aka yi. Masu ƙera fiyano sun fi son laimar iska ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Mu a nan cikin Agusta takan haura 80, a tsakiyar hunturu ta faɗo ƙasa da 20. Saboda irin wannan ne kamfanonin Ingila a da suke ƙera wasu na musamman don ƙasashen zafi, su kafe haure da ulun guduma da 'yan ƙusoshi ko waya don kada su dogara da gam kaɗai, su sa maganin ƙwari. Na Kawu ba ya cikinsu. Baturiyar nata na gida ta ɗauko. Da hunturu ya busa, katako ya tsuke, maɓallan da ban taɓa ba suka zauna daidai. Waɗanda na yi wa samfefa da ƙusa kuwa suka shiga kaɗawa suna ƙwas-ƙwas, har auta ta ce yanzu in tana kiɗa ba ta bukatar mai ganga. Da Baba ya dawo ya ɗaure sautin, ya cike wasu ramukan da ɗan katako, ya ce sauran sai dai mu zauna da su haka.

Yanzu fiyanon ya bar jikin taga ya koma bangon ciki, nesa da tururin ɗakin girki. Ba a ɗora masa kofin shayi ko tulun fure. Da damina akwai ɗan ƙaramin ƙwan fitila da Baba ya rataya a cikinsa daga ƙasa, nesa da katako da ulu, don ya rage danshi a ranakun da aka ga dama aka kawo wuta. Hunturu na kamawa ake kashe shi. Akwai kafur a ƙulle a ƙyalle saboda asu. Murfi a rufe saboda ƙura, kuma ana kaɗa shi kullum, don wanda aka bari a zaune ya fi saurin sandarewa. Bara da marka maɓalli ɗaya ya sake nauyi. Na tashi tsaye, gidan gaba ɗaya ya juyo ya dube ni, na koma na zauna. Da rana ta fito ya saki da kansa, kuma an roƙe ni kada in rubuta wanda ya fara ba da wannan shawara, don kada kanta ya ƙara girma.

Akwai irin waɗannan fiyano da yawa a tsofaffin majami'u da makarantu a Arewa, an tura su lungu an mayar da su teburin ajiye littattafai, wai sun mutu, alhali wasunsu maɓallai kaɗan ne suka liƙe. Kafin a kira kafinta ya farfasa, a nemi mai sana'ar ya duba. Sai dai masu sana'ar sun yi ƙaranci, Baba kuma ya tsufa, ya ce yaran da ya ɗauka duk sun gudu sun koma gyaran waya. Wanda ke da yaro mai haƙuri da kunnen jin sauti, ya kai shi ya koya tun dattijon yana iya hawa mota. Ni na roƙe shi ya ɗauke ni almajiri, ya ce zai yi shawara ya kira ni. Har yau bai kira ba.